Wai da gaske ne addinin Buda da Zen ba su da akida? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk lokacin da zancen addinin Buda ya taso. Wani ya ci karo da hoton Buda a Facebook an rubuta "kar ka yarda da komai", wani tun yana yaro yake kallon finafinan Shaolin, wani kuma ɗalibi ne mai kwas ɗin kwatanta addinai ga jarabawa ta matso. Ni Musulmi ne, ba mabiyin addinin nan ba, amma na daɗe ina karanta shi kuma gaskiya abin yana damuna in ga ana faɗar abin da ba haka yake ba, ko don a yabe su ko don a kushe su.

1. Shi Buda ɗin waye, kuma mene ne Zen?

Buda laƙabi ne, ma'anarsa "wanda ya farka". Sunan mutumin Siddhartha Gautama, ɗan gidan sarauta daga ƙabilar Shakya, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau, wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya. Labarinsu ya ce ya bar gida yana da shekara 29, ya yi shekara 6 yana nema, ya samu abin da suke kira farkawa a ƙarƙashin wata bishiya a Bodh Gaya, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Banaras, sannan ya shafe shekara 45 yana yawon koyarwa har ya mutu a Kushinagar yana ɗan 80.

Zen reshe ne da ya tsiro a ƙasar Sin kusan shekara dubu bayan nan. Asalin kalmar dhyana ce, wato zaman nutsuwa da tattara hankali, Sinawa suka ce chan, Japanawa suka ce zen, a Koriya son, a Biyetnam thien. Kenan sunan ma kansa na aiki ne, zama, kuma daga nan rikicin fahimtar ya samo asali.

2. To da gaske ne ba su da akida?

A'a, suna da ita, kuma mai yawa. Tushen shi ne gaskiya huɗu: rayuwa akwai ƙunci a cikinta, ƙuncin nan yana da sanadi wato ƙishirwar zuciya da kwaɗayi, ana iya kawo ƙarshensa, kuma akwai hanya mai rassa 8 da ake bi. Reshe na farko a cikin takwas ɗin nan shi ne "daidaitacciyar fahimta", ka ga tun daga ƙofa an ce akwai fahimtar da take daidai akwai karkatacciya. A tsofaffin littattafansu wanda ya ce aikin kirki da na tsiya ba su da wani sakamako, an kira ra'ayinsa ɓataccen ra'ayi ƙarara, ba a ce kowa da fahimtarsa ba.

Sai koyarwar cewa komai mai gushewa ne, da cewa babu wani dauwamammen "ni" a cikin mutum, da karma wato aiki da sakamakonsa, da sake haihuwa bayan mutuwa. Wanda zai shiga addinin yana furta neman mafaka ga abu uku, Buda da koyarwarsa da jama'arsa, ya ɗauki alkawura 5: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba kayan maye. Su kuwa masu zuhudun da suka bar gida suka aske kai, waɗanda ake kira bikku, a mazhabar Theravada dokoki 227 ne a kansu, mata 311. Littattafan harshen Pali da aka rubuta a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin miladiyya sun cika kanta guda. Duk wanda ya ce maka wannan ba akida ba ce, bai leƙa ciki ba.

3. In haka ne daga ina maganar "ba akidar dole" ta fito?

Daga yadda shi Buda ya ce a riƙi koyarwar. Akwai misalin da ya bayar wanda kusan kowane ɗan Buda ya sani: matafiyi ya iso bakin kogi, wannan gaɓar akwai haɗari waccan akwai aminci, ba gada ba kwalekwale, sai ya tara itace da kara da ciyawa ya ɗaure ya yi abin fito ya haye. Da ya isa, zai ce abin nan ya yi min rana bari in ɗora shi a ka in ci gaba da tafiya? Buda ya ce koyarwarsa kamar abin fiton nan ce, don hayewa aka yi ta ba don a rungume ba.

Amma mutane suna tsallake rabin zancen. A cikin wannan wa'azin dai, kafin misalin kogi, ya kawo misalin maciji, ya ce wanda ya kama maciji ta wutsiya zai juyo ya sare shi, haka wanda ya koyi koyarwar don jayayya da cin gardama za ta cutar da shi. Kuma me ya jawo wa'azin? Wani bikku ne mai suna Arittha ya dage cewa abubuwan da Buda ya ce suna tare hanya ba sa tarewa, Buda ya kira shi ya yi masa faɗa sosai a gaban jama'a. To ka gani, wa'azin da ake kafa hujja da shi cewa ba akida, an yi shi ne don gyara wanda ya karkatar da akida. Sannan abin fito a ɗaya gaɓar ake ajiye shi, wanda ya jefar da nasa a tsakiyar ruwa kam ya san sauran.

4. Maganar nan ta "kar ka yarda da komai sai abin da hankalinka ya ɗauka", tasa ce?

Yadda take yawo a soshiyal midiya an gyara mata fuska. Asalinta wa'azi ne ga mutanen Kalama na garin Kesaputta. Sun zo suka ce malamai suna ta wucewa ta garinmu kowa yana yabon nasa yana zagin na wani, mun rasa wa za mu bi. Ya ce musu kar ku bi abu don an ce, ko don gado ne, ko don yana rubuce a littafi, ko don mai faɗar malaminku ne. Har nan daidai. Sai dai a cikin jerin nan ya haɗa da cewa kar ku bi abu don kawai lissafin hankali ya kai ku, ko don ya dace da ra'ayin da kuka riga kuka so. Ma'aunin da ya ba su shi ne, in kun gane da kanku cewa abu kaza mummuna ne, masu hikima suna kushe shi, kuma in an aikata yana jawo cuta da ƙunci, ku bar shi. Ga masu hikima nan a ciki, ba a bar mutum da son ransa ba.

Abin da ya fi kusa da manufar a Hausance shi ne gani ya kori ji. Suna siffanta koyarwar da kalmar ehipassiko, wato "zo ka gani". Amma wanda zai zo ya gani sai ya fara yarda cewa tafiyar ta cancanci a yi ta, wannan yardar suna kiranta saddha kuma suna ɗaukarta da muhimmanci. Duba tambaya ta 10 kan yadda Zen ya haɗa yarda da shakka.

5. An ce akwai tambayoyin da ya ƙi amsawa, wane iri ne?

E, guda 10 ne a littattafan Pali: duniya dauwamamma ce ko a'a, tana da iyaka ko ba ta da, rai da jiki abu ɗaya ne ko daban, wanda ya kai ga farkawa yana nan bayan mutuwa ko ba ya nan, da makamantansu. Wani almajiri Malunkyaputta ya ce in ba a amsa masa ba zai tuɓe rigar ya koma gida. Buda ya ce masa kai kamar mutumin da aka harba da kibiya mai dafi ne, an kawo mai magani ya ce ba za a cire ba sai ya san sunan maharbin da ƙabilarsa, dogo ne ko gajere, da wane ice aka yi bakan, gashin wane tsuntsu ne a gindin kibiyar. Kafin a gama bincike ya mutu.

Wannan labarin ne yake nuna ma'aunin da suke auna koyarwa da shi, shin tana cire kibiyar ko ba ta cirewa. Amma lura, bai yi shiru kan karma da sake haihuwa ba, waɗannan ya yi magana a kansu sau ba adadi.

6. Sun yarda da Allah?

Ba su yarda da Mahalicci ɗaya da ya halicci komai ba, wannan kam ba ɓoye-ɓoye, kuma nan ne babbar rabuwarsu da Musulunci da Kiristanci. Littattafansu suna ambaton wasu halittu na sama da suke kira deva, amma a wurinsu su ma suna mutuwa a sake haifarsu. Buda kansa bai ce shi abin bauta ba ne ko manzo, sai dai a aikace za ka ga miliyoyin mutane suna rusuna wa gunkinsa suna kunna turare suna roƙo. Don haka masu cewa "ai falsafa ce kawai ba addini ba" su ma ba su faɗi yadda abin yake a ƙasa ba.

7. Shi Zen ba cewa ya yi ba ruwansa da littafi ba?

Akwai baiti huɗu da ake jinginawa Bodhidharma, malamin da aka ce ya kawo Zen ƙasar Sin wajen ƙarni na 6, wanda labari ya ce ya yi shekara 9 yana fuskantar bango a Shaolin. Ma'anarsu: isarwa ce ta musamman a wajen littattafai, ba ta dogara da kalmomi da haruffa ba, tana nuni kai tsaye zuwa zuciyar mutum, ya ga asalinsa ya zama Buda. Masana tarihi sun nuna baitocin sun haɗu wuri ɗaya ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, a zamanin daular Song. Haka labarin da ake cewa Buda ya ɗaga fure bai ce komai ba sai almajirinsa Mahakashyapa ya yi murmushi, ba ya cikin tsofaffin littattafan Indiya, a Sin ya bayyana a ƙarni na 11.

Ga abin da yake ba ni mamaki kullum, mazhabar da ta ce ba ta dogara da haruffa ba tana cikin waɗanda suka fi kowa tara rubutu a Sin. Huineng, shugabansu na shida wanda ya rayu daga 638 zuwa 713, an ce mai saran itace ne da bai iya karatu ba, amma me ya farkar da shi? Jin wani yana karanta wani littafinsu mai suna Sutrar Lu'ulu'u. Shi kansa an tattara maganganunsa aka kira su sutra, sunan da ake ba littattafan wa'azin Buda. Dogen kuwa, wanda ya kafa reshen Zen na Soto a Japan, ya je Sin a 1223 ya dawo a 1227, ya yi rubutu mai yawa da zurfi har yau ana fama da shi, kuma ya fito fili ya soki masu cewa akwai wata isarwa dabam da koyarwar littattafai, har sunan "mazhabar Zen" ma bai so ba, shi a ganinsa hanyar Buda ɗaya ce.

Misalin da suke yawan kawowa shi ne na yatsa da wata, ana nuna maka wata kai kana kallon yatsa. Ba cewa suka yi a yanke yatsan ba.

8. To labarin ƙona littattafai da "in ka gamu da Buda ka kashe shi" fa?

Maganar ta Linji ce, malamin Zen na Sin da ya mutu a 866, shi ne Japanawa suke kira Rinzai. Yana magana ne da almajiran da suka bar iyayensu suka aske kai saboda Buda, suna rusuna masa safe da yamma. Abin da yake nufi, duk hoton Buda da ka gina a ranka kana bin sa a waje, shi ne ya tare maka hanya. Ka ɗauki wannan maganar ka ba wanda bai taɓa zama na minti goma ba, ba abin da za ta yi masa sai ƙarin girman kai.

Labarin Deshan ya fi fito da abin. Shi gwani ne a Sutrar Lu'ulu'u, ya ɗauko sharhohinsa a baya ya nufi kudu don ya ƙaryata 'yan Zen. A hanya ya tsaya wurin wata tsohuwa mai sayar da waina, ta tambaye shi me ke cikin kayan nan, ya faɗa mata. Ta ce to a littafin nan an ce zuciyar da ta wuce ba ta kamuwa, ta yanzu ba ta kamuwa, mai zuwa ba ta kamuwa, malam da wace zuciyar za ka ci wainar? Ya rasa ta cewa. Ya ƙarasa wurin malam Longtan suka yi ta magana har dare, da zai fita ya ce waje da duhu, Longtan ya kunna masa fitila ya miƙa, yana kai hannu sai ya hure ta. A nan aka ce ya gane. Washegari ya tara sharhohin a gaban zaure ya cinna musu wuta. Mutumin da ya ƙona littattafan nan ya riga ya ƙware a kansu, wannan shi ne abin da masu son labarin suke mantawa, kuma labarin kansa a littafi muka same shi.

9. A aikace, in ka shiga wurinsu me za ka gani?

Na taɓa kwana biyu a wani gidan ibadar Soto a Japan da yake karɓar baƙi. Tun farko na gaya musu ni Musulmi ne ba zan rusuna wa gunki ba, zan zauna daga baya in kalla, ba wanda ya ce min uffan kuma ba wanda ya tambaye ni me na yarda da shi. Amma fa an gaya min da wace ƙafa ake shiga zauren, ta hagu. Kafin asuba wani ya bi ta baranda da gudu yana kaɗa ƙararrawa, kowa ya fito shiru, ya hau ɗan baƙin matashi mai zagaye, ya fuskanci bango, kusan minti 40 ba motsi sai ƙarar numfashi da sanyin da ke shiga ƙashi. Wajen cin abinci kowa da kwanukansa a naɗe cikin ƙyalle, akwai yadda ake kwancewa, akwai inda ake ajiye cokali, in an gama a zuba ruwan zafi a goge kwanon da ɗan yankin kayan tsami a shanye, ko ƙwayar shinkafa ba a bari.

Bayan zaman sai karatu da ganga. Suna rera Sutrar Zuciya, gajeruwa ce haruffan Sinanci wajen 260, a cikinta ana cewa ba ido ba kunne ba hanci, ba ƙunci ba sanadinsa ba ƙarshensa ba hanya. Wato gaskiya huɗun nan na tambaya ta 2 ake bi ana korewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum ake yi, da ladabi, a haddace. Sai su jero sunayen malamai tun daga Buda har Bodhidharma har Dogen, kamar yadda mu muka san salsala. Abin da na fahimta a kwana biyun nan shi ne tsananin da wasu addinai suke sawa kan abin da za ka furta, su sun ɗora shi kan yadda za ka zauna, ka tashi, ka riƙe kwano.

10. Mene ne koan, kuma me ya sa suke yabon shakka?

Koan gajeren labari ne ko tambaya da malami yake ba almajiri ya yi ta juyawa, an fi yi a reshen Zen na Rinzai, wanda ya ɗauki sunan malamin nan Linji. Sanannen shi ne wani ya tambayi malam Zhaozhou ko kare yana da ɗabi'ar Buda, ya ce "mu", wato babu. Abin da ya sa wannan ya zama ƙulli shi ne koyarwar Mahayana, babban ɓangaren addinin da Zen ya fito daga cikinsa, ta ce duk mai rai yana da ita. Ka ga wanda bai san akidar ba ba zai ma ga matsalar ba. Wannan ne na farko a tarin koan 48 da Wumen ya haɗa a 1228. Hakuin na Japan, 1686 zuwa 1769, shi ya kawo ta ƙarar tafin hannu ɗaya.

Suna cewa abu uku ake buƙata, babbar yarda, babbar shakka, da babbar himma. Shakkar nan ba irin ta mai ɗage kafaɗa ya ce wa ya sani ba ce, irin wadda take hana barci ce. Kuma amsar ba almajiri ne yake yanke wa kansa cewa ya samu ba, sai ya shiga ɗaki shi da malami, malamin ya karɓa ko ya kaɗa ƙararrawa ya sallame shi.

11. Mutum zai iya bin Zen bai yarda da karma da sake haihuwa ba?

A Amurka da Turai da yawa haka suke yi, kuma ba mai korarsu daga zaure. Zen ɗin da ya isa can ta hannun irin su D. T. Suzuki, wanda ya yi rubutu da Turanci, an gabatar da shi kamar tsantsar gogewa ce da ba ruwanta da addini, hakan ya yi wa mutanen da suka gaji da coci daɗi. A 1997 Stephen Batchelor ya fito da hujjar cewa ana iya bin Buda ba tare da waɗannan imanin ba, malaman gargajiya irin su Bhikkhu Bodhi suka ce in ka cire su ka canja abin gaba ɗaya.

Su tsofaffin malaman Zen kam matsayinsu a fili yake. Koan na biyu a tarin Wumen labarin wani malami ne da aka tambaya ko wanda ya farka yana ƙarƙashin sanadi da sakamako, ya ce a'a, saboda wannan amsar aka sake haifarsa yanyawa har sau 500, sai da malam Baizhang ya gyara masa cewa wanda ya farka ba ya rufe ido ga sanadi da sakamako. Dogen ma a ƙarshen rayuwarsa ya yi rubutu mai zafi kan wajabcin yarda da wannan.

12. Suna rigima a tsakaninsu kan akida?

Sosai. Kimanin shekara 100 bayan mutuwar Buda aka yi taro a Vaishali kan saɓani 10 na dokoki, ciki har da ko bikku zai karɓi zinariya da azurfa. A Tibet, wajen ƙarshen ƙarni na 8, an yi muƙabala a Samye tsakanin malamin Zen na Sin Moheyan mai cewa farkawa farat ɗaya take, da Kamalashila na Indiya mai cewa mataki-mataki ce, tarihin Tibet ya ce ɓangaren Indiya ne ya yi nasara. A Japan Nichiren, 1222 zuwa 1282, ya ce Sutrar Lotus ce kaɗai hanya, ya kira Zen aikin shaiɗanu. Ko a cikin Zen, Soto da Rinzai sun daɗe suna sukar juna kan zama kawai ko aiki da koan.

13. In suna koyar da rashin riƙo haka, ya aka yi abin da ya faru da Rohingya ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa daga 'yan uwa Musulmi, kuma tana da hujja. A 2017 sama da mutum 700,000 'yan Rohingya suka tsere daga Miyanma zuwa Bangaladash saboda farmakin soja, kuma shekaru kafin nan wasu bikku irin su Wirathu da ƙungiyar 969 sun yi ta hura wutar ƙin Musulmi. Su 'yan Theravada ne ba Zen ba, amma Zen ma hannunsa ba a wanke yake ba. A yaƙe-yaƙen Japan har zuwa 1945 manyan malaman Zen sun goyi bayan soja, wasu ma koyarwar "babu ni" suka juya suka ce soja ya manta da kansa ya bi umarnin sarki. A 2001 reshen Myoshinji na Rinzai ya fito ya nemi afuwa.

A nan ne nake ganin maganar "mun wuce akida" take da haɗarinta. In aka ce gaskiya tana bayan kalmomi, kuma malami ne kaɗai ya san wanda ya kai, to da me almajiri zai kama malamin in ya kauce? An ga haka a wasu cibiyoyin Zen na Amurka daga shekarun 1980, malamai suka ci amanar ɗalibai mata da dukiyar jama'a, ana ce wa masu ƙorafi ba ku gane ba ne. Abin da aka koma aka kama su da shi alkawuran nan 5 ne na tambaya ta 2, rubutattu, waɗanda kowa zai iya karantawa, sannan cibiyoyi da dama suka rubuta ƙa'idojin ɗa'a suka kafa kwamitin karɓar ƙorafi.

Thich Nhat Hanh, malamin Zen na Biyetnam da ya rasu a 2022, ya ga yadda akidu biyu, ta gurguzu da ta jari-hujja, suka yi raga-raga da ƙasarsa. A 1966, ana tsakiyar yaƙi, ya kafa wata ƙungiya da mutum 6 na farko, ya ba su ƙa'idoji 14. Ta farko ta ce kar a mayar da kowace koyarwa ko akida abin bauta, har da ta Buda. A cikin sauran 13 ɗin akwai hana kisa, da hana mallakar abin da yake haƙƙin wani, da hana tilasta wa kowa ra'ayinka ko da 'ya'yanka ne.